Lensi yana ɗan wasa a bakin kyamara, haka suke ko tawa ce ke da matsala?

SabonHannu ya rubuta:

Salamu alaikum jama'a, don Allah masana ku taimaka min. Na sayi sabuwar kyamara da lensi mai zum irin 70-200 ɗin nan mai nauyi, in na ɗaura shi na murɗa har ya yi ƙas ya kulle, sai in ji in na riƙe shi na juya hagu da dama yana ɗan motsi, ba da yawa ba gaskiya, bai kai milimita ɗaya ba a ganina amma kana jin sa a hannu kuma har ƴar ƙara yake yi. Ƙaramin lensin da ya zo da kyamarar ban ji yana haka ba ko kuma dai ban lura ba ne. Hotuna suna fita garau, fokas yana kamawa, amma wallahi abin ya tsaya min a rai tunda kuɗi na zuba ba kaɗan ba kuma garanti bai ƙare ba. In mayar ko in yi shiru? Sannan in na girgiza lensin yana kashe ina jin kamar wani abu na kai-komo a ciki, shi ma wannan fa?

Dattijon_Hoto ya rubuta:

Wa alaikumus salam. Kwantar da hankalinka ɗan'uwa, haka suke. Tun zamanin fim nake riƙe kyamara kuma ban taɓa samun wadda lensi bai ɗan juya ko kaɗan ba bayan ya kulle. Je ka ci gaba da aikinka.

MaiGyaranKyamara ya rubuta:

Maganar Dattijo gaskiya ce amma bari in ɗan faɗaɗa, don motsin kala biyu ne kuma mutane suna haɗa su waje guda.

Cire lensin ka kalli bakin kyamarar da kyau. A jikin zoben ƙarfen nan za ka ga wani ɗan fil ya leƙo, in ka danna maɓallin cire lensi sai ya shige ciki. Yanzu juya bayan lensin, za ka ga ɗan rami dogo-dogo. Ƙas ɗin da kake ji wannan fil ɗin ne yake faɗawa ramin, kuma aikinsa kenan kawai, ya hana lensin warwarewa ya faɗi. Dole ramin ya ɗan fi fil ɗin faɗi, kamar dai sakata da raminta, in aka yi su cif-cif ranar da ƙarfe ya ɗan buɗe da zafi ko ƙura ta shiga to ba za ta shiga ba, ko ta shiga ta ƙi fita. Ka tuna kuma kamfani yana buga lensi miliyoyi da ake so kowanne ya hau kowace kyamara mai irin wannan bakin, Nikon F tun 1959 ake amfani da shi, Canon EF tun 1987, lensin da aka ƙera shekara talatin baya ana so ya zauna a kan bodin bana, wato gangar jikin kyamarar. Ba yadda za a yi hakan sai an bar ɗan sarari. To wannan sararin kake ji in ka juya hagu da dama. A babban lensi ya fi fitowa fili saboda jikinsa na da kauri, ɗan motsin da ake yi a wajen fil in ya iso inda hannunka yake sai ya zama kamar ya ƙaru, shi ya sa ba ka ji a ƙaramin ba. Wani lensin kuma yana da zoben roba a gindi na hana ruwa da ƙura, shi sai ka ji ya kama tsam, ba don ya fi inganci ba, robar ce ke riƙe shi.

Wannan juyin ba ya taɓa hoto. Gilasan ciki zagayayyu ne, ko ka juya su kaɗan a kan tsakiyarsu hasken inda yake sauka nan zai sauka.

Wanda ake tsoro shi ne ɗayan. Abin da ke manne lensi da fuskar kyamara ba fil ɗin ba ne, wasu siraran sifirin ne a bayan zoben, su suke jawo ƴan kunnuwan ƙarfen da ke gindin lensin ciki. Nisan da ke tsakanin fuskar zoben da sensa, wato faifan ciki da haske ke sauka a kai ya zama hoto, a ƙayyade yake, a Canon EF milimita 44, a Nikon F 46.5, a Sony E 18, a Nikon Z 16, kuma ana so ya zama daidai ta kowane ɓangare. In lensi yana lanƙwasa sama da ƙasa, ko kana jawo shi gaba kana ganin tsaga ta buɗe tsakaninsa da bodi da ɗan taɓi kawai, to nan akwai magana, ko sifirin ya saki, ko sukurori sun kwance, ko zoben ya lanƙwashe saboda faɗuwa. Abin da za ka gani a hoto shi ne gefe ɗaya tar ɗaya gefen dishi-dishi. Amma fa kar ka je ka danna da ƙarfin tsiya ka ce ka ga tsaga, sifirin ne, in ka matsa masa dole ya ba da kai ko a sabuwar kyamara.

Ƙarar da kake ji a ciki kuwa galibi na'urar hana rawar hoto ce, ko injin fokas, in babu wuta gilashin yana sake ne sai an kunna ya kama shi. Kunna kyamarar ka taɓa maɓallin ɗauka rabi ka ji ko ta ɗauke. Kuma ka rage girgiza shi don Allah.

Ummu_Studiyo ta rubuta:

Ni dai Malam ban cika son a riƙa cewa haka suke haka suke ba, don da wannan kalmar masu sayarwa suke kashe bakin mutum har garanti ya wuce. Na taɓa samun bodi da lensi ke wasa a kai, kowa yana ce min ba komai, ashe in na juya zum da sauri sai allo ya ɗauke na ɗan lokaci lambar afaca, wato mai nuna girman ƙofar hasken lensi, ta ɓace, ana tsakiyar aiki mutane sun jeru suna jira. Motsin ya kai inda ƴan ƙusoshin zinariyar nan da lensi ke magana da kyamara ta cikinsu suke gocewa daga juna. Wannan kam ba haka suke ba ne, sai da aka canza zoben gabaɗaya. Don haka SabonHannu kunna kyamarar, ka juya lensin iya inda yake wasa hagu da dama kana kallon allo. In ka ga ya yi baƙi, ko wajen lambar afaca ya koma F-- ko ta rubuta maka saƙon cewa ba ta ganin lensi (a Canon Err 01 take nunawa) to fara goge ƙusoshin da busasshen ƙyalle mai tsabta, in bai daina ba mayar musu kawai kar ka tsaya jin kunya.

MaiGyaranKyamara ya rubuta:

Hajiya ba mu saɓa ba ai. Naki ya wuce iyaka ne, an yi faifan ƙusoshin da faɗi don su ɗauke wannan ɗan wasan, in har suna gocewa to ramin ya cinye ko fil ɗin ya lalace.

Ƙarin gwaji ɗaya da na manta. Manna jarida a bango ko ka sami bangon bulo, kafa kyamara a kan tirayifod ta fuskance shi sak, buɗe afaca iya buɗewarta ka ɗauka, sai ka zuƙo kusurwa huɗun ka gwada su da juna. In ɗaya ta fi sauran lalacewa sosai kar ka yi saurin yanke hukunci don sau da yawa kai ne ba ka miƙe da bangon ba, kifa kyamarar ƙasa ta koma sama ka sake ɗauka, in dishi-dishin yana nan a gefen hoton da yake ɗazu to daga kayan ne, in ya koma ɗaya gefen to tsayuwarka ce. Sannan in da hali ara wani lensin ka sa a bodinka, ka sa naka a bodin wani, nan take za ka gane waye mai laifi a cikinsu.

Abu ɗaya da nake roƙon mutane, kar ku kwance zoben da kanku. A ƙarƙashinsa, musamman a lensi, akan sa wasu siraran faifai da aka auna don daidaita nisan nan, in suka zube ka mayar ba daidai ba ka jawo karkacewar da kake gudu da hannunka. In sukuru ne ya ɗan saki za ka iya ɗaurewa a hankali amma na kayan Jafan yawanci JIS ne, wato irin nasu tsarin kan sukuru, sukundireban Phillips na gida yana cinye musu kai. Kuma mai garanti ma bai kamata ya taɓa ba sam.

Ɗan_Bidiyo ya rubuta:

Ku masu hoto kun huta wlh. Mu a bidiyo wannan ɗan wasan da kuke cewa ba komai yana iya fitowa, in kana jan fokas da hannu ko da ɗan inji sai lensin ya fara juyawa kafin zoben fokas ya motsa, hoton ya ɗan yi tsalle, in ka haɗa da adafta, wato zoben da ke haɗa lensi da bodin da bakinsu ya bambanta, kuma wasan ya zama biyu don baki biyu ne yanzu. Shi ya sa kyamarorin silima suke amfani da bakin PL na kamfanin Arri, ba a murɗa lensin, zura shi ake yi sai a juya zobe ya matse shi gam, Sony ma sun sa irin wannan makullin a kyamararsu FS7 II. Tsohon Canon FD na 1971 ma da zobe ake matse shi. Wannan ba ya nufin naka ya lalace oga, kowane tsari da abin da aka yi shi dominsa, naku an yi shi ne don a canza lensi da hannu ɗaya cikin sauri.

Shawarata kawai, 70-200 mai f/2.8 yakan kai wajen kilo ɗaya da rabi, kar ka riƙa ɗaga kyamarar ta bodi lensin yana reto, tallabe shi ta ƙasa, a tirayifod kuma ɗaura ta ƙafar lensin ba ta gindin kyamara ba. Yawancin bakin da ya saki da nake gani daga nan ne.

SabonHannu ya rubuta:

Na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri. Na gwada, na juya shi yana kunne allo bai ɗauke ba, lamba tana nan, sama da ƙasa kuma ba ya motsi, ƙarar cikin ma tana ɗaukewa in na taɓa maɓalli. Saura gwajin bango sai da rana in haske ya yi. Tambaya ɗaya Malam mai gyara, na ga wani yana cewa a liƙa ɗan salatif a zoben don ya kama tsam, ya halatta?

MaiGyaranKyamara ya rubuta:

A'a kar ka fara. Kaurin salatif ɗin kaɗai ya isa ya ɗaga gefe ɗaya na lensin, ga danƙonsa in ya ji zafi ya narke ya bi ƙusoshin ko ya tara ƙura kusa da sensa. Bar shi yadda yake, in ka yi gwajin bangon ka sako mana hotunan kusurwoyin mu gani.