An ce littattafan ban dariya ne, to ina dariyar take?

'Yar Jidda:
Assalamu alaikum. A zangon nan an ɗora mana kwas a kan ƙagaggun labaran barkwanci da zambo na Turawan Ingila na da, daga Swift zuwa Dickens. Turancin ana fahimta daidai gwargwado, amma sai a gama babi sukutum ko murmushi babu. Malamai da yayye, ta ina ake kama bakin zaren, kuma da wanne ya kamata a fara?

Malamin Adabi, Madina:
Wa alaikumus salam, 'yata. Yawanci inda ake tuntuɓe shi ne kuɗi da doka, domin a kansu aka gina rabin ba'ar.

Fara da kuɗi. Tsarin da kakanninmu suka yi amfani da shi ne kafin zuwan naira a 1973: kwabo 12 sule ɗaya, sule 20 fam ɗaya. Akwai kuma gini, sule 21, wanda masu hali ke ciniki da shi. Rubuta wannan a bangon littafinki. To buɗe Pride and Prejudice na Jane Austen, 1813. Darcy, attajirin labarin, yana samun fam 10,000 a shekara. Elizabeth Bennet kuwa, jarumar littafin, rabonta duka fam 1,000 ne, wanda ribarsa ta huɗu bisa ɗari ke ba da fam 40 a shekara. Ninki 250 ke nan tsakaninsu, amma ta ƙi shi da ya fara neman aurenta.

Sai gado. A shari'armu, mutum ya rasu ya bar 'ya'ya mata biyar babu namiji, sulusi biyu nasu ne, matarsa ta ɗauki tumuni. Gidan Bennet, su Elizabeth 'yan mata biyar, ba haka yake ba. An ɗaure gidan da gonakin da sharaɗin cewa namiji kaɗai ke gada, saboda haka ranar da uban ya faɗi, komai ya koma hannun Collins, wani dangi na nesa. Wanda bai san wannan ba zai ɗauki uwar 'yan matan a matsayin mai rawar kai kawai. Rawar kan akwai, amma tsoron kwana a titi ne ke kaɗa ta. Austen tana yi wa uwar dariya, tana kuma yi wa dokar habaici a jimla guda.

Abu Safiyya, Makka:
Malam ya gama magana a kan Austen. Ni a kan Swift zan ƙara, don shi makaminsa gatse ne, wato a faɗi abu da fuska a murtuke ana nufin akasinsa. A ƙasidarsa ta 1729, A Modest Proposal, ya kawo shawarar a riƙa sayar wa attajirai jariran talakawan Ailan 'yan shekara ɗaya su ci, har da lissafi: 100,000 a kai kasuwa, 20,000 a bari na iri, kowane sule 10. Muryar da ke maganar ta wani mai tsara manufofi ce da ke ƙirga mutane kamar awaki, shi Swift ke tsirewa, tare da masu gonakin da suka tatse ƙasar. Kuskuren da ɗalibai ke yi a jarrabawa shi ne su rubuta "Swift yana ganin cewa…". Ki raba marubuci da mai ba da labari tun daga layin farko.

Gulliver's Travels kuma, 1726, ki duba bugun da za ki saya. Tafiye-tafiye huɗu ne, amma bugun yara da ke cika kantuna kan tsaya a biyun farko, a kuma tace siyasar. Rigimar Lilliput, ƙasar ƙananan mutane ta tafiyar farko, a kan ta wane gefe za a fasa ƙwai, babba ko ƙarami, saɓanin Katolika ne da Furotesta. Masu dogon dunduniyar takalmi da masu gajere jam'iyyun Tory da Whig ne. Tsibirin da suke yaƙi da shi Faransa ce. A tafiya ta uku akwai masanin da ya shekara 8 yana ƙoƙarin tatso hasken rana daga kokwamba, wannan gugar zana ce ga ƙungiyar masana kimiyya ta Landan. Nemi bugun Penguin Classics ko Oxford World's Classics mai sharhi a baya. Idan babu a kantin littattafai na Jarir, matanin kansa kyauta ne a Project Gutenberg, sai dai babu sharhin.

Ummu Hanan, Riyad:
Ni dai ƙanwata ba zan ce ki fara da ɗayansu ba, ku yi haƙuri malamai. Fara da The Pickwick Papers na Dickens. Barkwancinsa a fili yake. Pickwick yana yi wa mai gidan da yake haya bayanin zai ɗauki yaron gida, ita kuwa ta zaci maganar aure ce, ta sume a hannunsa, abokansa suka shigo suka gani. Aka tafi kotu. Lauyanta ya ɗaga wata 'yar takarda da Pickwick ya aika yana neman a dafa masa nama da miyar tumatir, ya ce wasiƙar soyayya ce a ɓoye. Aka ci shi fam 750, ya rantse ba zai biya ko kwabo ba, ya zaɓi kurkukun masu bashi. Daga nan dariyar ta fara ɗaci, don mahaifin Dickens kansa an kulle shi kan bashi a 1824.

Littafin wata-wata ya riƙa fitowa daga 1836 zuwa 1837, sule ɗaya kowane kashi, don haka kada ki haɗiye babi 57 a mako guda. Babi uku a zama ya isa. Farkonsa akwai sanyi, ki daure har Sam Weller, yaron gidan da Pickwick zai ɗauka, ya bayyana a babi na 10 yana goge takalma. Kuma ki karanta maganarsa da ƙarfi, don karin talakawan Landan aka rubuta, yana musanya v da w, ido kaɗai ba ya kamawa.

Tristram Shandy na Laurence Sterne ki ajiye shi ƙarshe. Jarumin ba a ma haife shi ba sai a juzu'i na uku.

Malamin Adabi, Madina:
Na yarda da Hajiya, a fara da Pickwick. Wanda ya yi karatun Maƙamatul Hariri a zaure ya riga ya san fasalin: tafiya daga gari zuwa gari, kowane zango da ɗan damfara mai zaƙin baki. Jingle, ɗan damfarar Pickwick, ɗan'uwan Abu Zaid na Maƙama ne, kuma kwatanta su zai yi kyau a takardar zango. Idan akwai Fielding a jerin naku, ki karanta ko da wasiƙu 10 na farkon Pamela ta Richardson, 1740, kafin ki taɓa Joseph Andrews, don ita yake kwaikwayo yana ba'a. Turo mana jerin littattafan mu gani.