Wace rauta zan saya wa iyayena? Sigina ba ta kai ɗakin Baba

Autar Gida ta rubuta:

Assalamu alaikum. Don Allah ina neman shawarar waɗanda suka san harkar wayafai (Wi-Fi).

Iyayena sun manyanta, Baba shekararsa 79, Mama 72. Ni ina nesa da su, sai bayan wata uku ko huɗu nake samun zuwa, don haka kiran bidiyo na WhatsApp da muke yi kowane dare shi ne ganinmu.

Gidan ba bene ba ne, amma dogo ne, kuma ya yi kwana kamar harafin L. Ɗaki huɗu, falo a gaba, katangun duk bulo da siminti. Rautar da kamfanin intanet ya ba su, wato na'urar da ke raba wayafai a gida, tana falo, cikin kabad ɗin talabijin, saboda ta nan kebul ya shigo. A falo komai lafiya lau. Da ciwon gwiwa ya matsa wa Baba bara sai ya koma ɗakin can ƙurya mai banɗaki a ciki, tsakaninsa da rautar katanga uku da korido.

Yanzu in na kira sai fuskarsa ta tsaya cak a allo, baki a buɗe, murya ta ɗauke. Sai Mama ta karɓi wayar ta fita korido tana ɗaga ta sama, a bar shi yana magana shi kaɗai. Satin da ya wuce dogara sanda ya yi ya biyo ta, don ya ƙarasa mini labarin da ya faro. Mutumin da likita ya ce ya rage zirga-zirga ke nan, ga tayil mai santsi. Tun ranar hankalina bai kwanta ba.

Na taɓa saya musu 'yar na'urar ƙara nisan sigina, wadda ake sokawa a soket. Sai ta fito da sunan wayafai na biyu, wayar Mama kuma ta liƙe wa na falo ko tana ƙuryar gida, sai an shiga saiti an canza da hannu. Mama ba za ta iya wannan ba, ban kuma ga laifinta ba. Daga baya wani ya zare ta ya sa cajar fitila.

To babbar rauta guda mai eriya da yawa zan saya, ko waɗannan da ake kira mesh, wato na'urori biyu ko fiye da ake ajiyewa a wurare daban-daban a gida suna aiki tare? Lallai sai Wi-Fi 7? Kuma akwai wadda zan iya dubawa daga inda nake in ta lalace? Ina son abin da su ba sai sun taɓa shi ba.

Mai Kebul ya rubuta:

Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara wa su Baba lafiya, ya saka miki da alheri.

Kafin ki sayi komai, a fito da rautar daga kabad ɗin nan. Bayan talabijin a cikin akwati shi ne wuri mafi muni da za a ajiye ta. A ɗora ta sama, a sarari, nesa da madubi, firji da duk wani ƙarfe.

Rauta tana magana ne a kan layi biyu, 2.4 GHz da 5 GHz. Na 5 ya fi gudu amma katanga tana cinye shi da wuri. Na 2.4 ya fi ratsa katanga, sai dai ba shi da gudu sosai, ga cunkoson rautocin maƙwabta, ga na'urar ɗumama abinci ta maikirowef da ke aiki a wajen 2.45 GHz. Katanga uku ta siminti, musamman in da rodi a ciki, ko na 2.4 a gajiye yake isa.

Batun babbar rauta mai eriya takwas, ga inda mutane ke asarar kuɗinsu. Magana ce ta ɓangare biyu: rauta ta faɗa, waya ta amsa. Ki ɗauka wani na magana da lasifika daga falo, Baba na amsawa da raɗa daga ɗaki. Shi zai ji, amma ba za a ji shi ba. Kiran bidiyo kuwa rabinsa abin da wayar Baba ke turawa ne. Shi ya sa maganin shi ne a matso da wata na'ura kusa da shi.

Ita wadda kika saya a baya, irinta masu rediyo ɗaya da kunne guda suke saurare su kuma maimaita, don haka gudun yakan ragu da kusan rabi. Kuma yawanci a cikin ɗakin da babu sigina ake soka ta, sai ta yi ta maimaita abin da bai iso ba.

Ki sa wani ya sauke manhajar auna ƙarfin wayafai a wayar Android, ya auna wuri uku: falo, kwanar korido, da kan gadon Baba. Lambar tana zuwa da alamar ragi. Wajen -50 dBm lafiya lau, -67 shi ne iyakar da ake so don kira, -80 kuwa kamar babu. Ki kawo mana lambobin.

Yayar Su ta rubuta:

'Yar'uwa, na karanta naki sai na ga kamar labarina. Mahaifiyarmu ita kaɗai ce, ido ya yi rauni, kuma duk sanda intanet ta ɗauke ba ta faɗa, wai kada ta dame mu. Sai mu kwana biyu muna zaton barci take yi da wuri.

Mesh mai na'ura biyu na sa mata, kuma abin da ya fi yi mini amfani ba gudun ba ne. Suna ɗaya ne a duk gidan, wayarta tana komawa na kusa da kanta. Sannan ina da manhajar a wayata: daga nan nake ganin ko na'urorin biyu suna kunne, ko wayarta tana kai, in kuma sake kunna su in sun cije. Deco na TP-Link, Eero na Amazon, Nest Wifi na Google, Orbi na Netgear, duk suna da manhaja irin wannan. Ki buɗe asusun da imel ɗinki, ba nasu ba.

Wata dabara da ta cece ni: ki sa wa sabuwar rautar ainihin sunan tsohuwar da kalmar sirrinta, harafi da harafi, babba da ƙarami. Wayoyi da talabijin za su hau da kansu, su Mama ba za su ma san an canza komai ba. Na kuma liƙa takarda a jikin fulogin na rubuta da manyan baƙaƙe KADA A CIRE. Fitilar jikin na'urar ma na kashe ta a manhaja, domin da daddare tana hana ta barci, kuma na san ƙarshenta zare ta za ta yi.

Tsohon Injiniya ya rubuta:

Ban ƙi ta mesh ba, amma kada a yi saurin ɗora wa wayafai laifin duka. A tsaya kusa da rauta a gwada gudun intanet ɗin kansa, a duba na turawa, ba na saukewa kaɗai ba. In layin da ke shigowa gidan ne mai rauni, na'ura goma ba za su gyara ba. Kiran bidiyo ba ya cin abin kirki. Masu manhajar kiran bidiyo ta Zoom ma abin da suke nema don hoto mai kyau na 1080p bai kai megabit 4 a daƙiƙa ba.

Wi-Fi 7 kuwa bar shi. A farkon 2024 aka fara tantance na'urorinsa, kuma sai wayar ma ta san shi kafin a amfana. Layin 6 GHz da ake tallarsa da shi ya fi na 5 tsoron katanga. Wi-Fi 6, wanda ya fito a 2019, ya ishe su har da saura. Abin da zan duba shi ne ko kamfanin yana ci gaba da aiko wa samfurin gyaran tsaro, kuma yana shiga da kansa.

Autar Gida ta rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Ɗan yayata ya je ya auna yau. Falo -41, kwanar korido -63, kan gadon Baba -82. Da ya fito da rautar ya ɗora saman kabad, na gadon ya koma -74. Daren nan mun yi minti shida kafin hoton ya tsaya, ya fi da, amma bai isa ba. Gudun a falo megabit 48 saukewa, 11 turawa.

Na yanke shawarar mesh mai biyu, Wi-Fi 6. Malam Mai Kebul, a ina zan ajiye ta biyun? Kuma yaya zan yi da rautar kamfani?

Mai Kebul ya rubuta:

Madalla, layinku ƙalau yake, 11 ta ishi kira.

In da hali a ja kebul na intanet irin Cat6 daga ta farko zuwa ta biyu, ta cikin silin, kada ya bi ƙasa inda sandar Baba za ta harɗe. Yana ɗaukar gigabit har mita 100, gidan ba zai kai haka ba. Da kebul za ki iya kafa ta biyun a bangon korido daidai ƙofar ɗakinsa, sama da tsayin mutum, katangun nan uku sun fita daga lissafi. In jan kebul ya gagara, to a kwanar nan mai -63 za ta zauna, inda take jin ta farko sosai, ba cikin ɗakin ba.

Rautar kamfani ki bar ta, ta nan intanet ke shigowa. Ki haɗa sabuwar da ita da kebul, ki kashe wayafan tsohuwar, tunda suna ɗaya za su ɗauka. A manhaja ki zaɓi tsarin da sabuwar za ta zama mai raba sigina kawai, kada rauta biyu su yi ta rabon adireshi a gida ɗaya.

Wajen tsaro ki zaɓi haɗin WPA2 da WPA3, wato tsarin kulle wayafai na da da sabon. WPA3 a 2018 ya fito, in kika sa shi zalla tsohuwar waya na iya ƙin hawa. Ki kuma samo musu ƙaramin batirin ajiya na rauta, ki duba boltin da ke rubuce a jikin caja ya yi daidai, rautar kamfanin ma ta samu nata, don in wuta ta ɗauke kira ya ci gaba.

Ranar da kika haɗa, kada ki gwada wayafan da wayarki. Ki ba Baba tasa yana kwance yadda ya saba, ƙofa a rufe, ki fita waje ki kashe wayafan wayarki ki kira shi da data, ku yi kamar minti ashirin.