Riƙe numfashi zai rage wa Hajiya gigin tsufa?

Kawu: Assalamu alaikum 'yan gida. Na ji ana cewa masana sun gano rage wa jiki iskar oksijin na kare ƙwaƙwalwa. Me zai hana mu riƙa sa Hajiya riƙe numfashi safe da yamma? Mantuwar nan tata sai ƙaruwa take.

Anti: Wa alaikumus salam. Kawu, don girman Allah kar a gwada mata wannan.

Auta: Anti, maganar Kawu fa tana da tushe. A 2019 masana uku, Kaelin da Ratcliffe da Semenza, suka samu kyautar Nobel kan sinadarin HIF. Idan oksijin ya yi ƙaranci, shi ke sa jiki ya ƙara jajayen ƙwayoyin jini, ya kuma fito da sababbin ƙananan jijiyoyi. A 2016 ma an ajiye ɓeraye masu cutar Leigh cikin iska mai oksijin kashi 11 maimakon 21 na iskar da muka saba shaƙa, kwanansu ya ƙaru sosai.

Anti: Ɓeraye ne, Auta, a akwatin da ake auna iskarsa dare da rana. Leigh kuma cutar gado ce da ke kama yara, ba abin da ke damun Hajiya ba. Ƙwaƙwalwa kusan kashi 2 ce ta nauyin jiki, amma ita ke shanye kusan kashi 20 na oksijin. A cutar Alzheimer, wani nau'in gigin tsufa, tun da wuri jinin da ke kai mata yake raguwa. Wadda rijiyarta ke janyewa, za ka ƙara rage mata guga? Kuma an nuna a ɓeraye cewa ƙarancin oksijin na ƙara sinadarin BACE1, mai taimakon tara amiloid, sinadarin da ke dunƙulewa a ƙwaƙwalwar masu Alzheimer.

Kawu: To mutanen Tibet fa, 'yata? Kan tsauni suke rayuwa, inda oksijin ke da ƙaranci, kuma lafiya lau.

Anti: Nasu gado ne, Kawu. Ƙwayar halittar EPAS1 ce ta daidaita jininsu cikin dubban shekaru. Hajiya a Daura aka haife ta.

Yaya Babba: Ni abin da ya fi damuna minsharinta ne. Cikin dare numfashinta kan tsaya, sai ta zabura. Maganin hawan jininta ma ya ƙare.

Anti: Yaya, wannan ai shi ne ƙarancin oksijin da ke cutarwa, ga hawan jini na lalata ƙananan jijiyoyin ƙwaƙwalwa. A saya mata maganin yau.

Kawu: Ni dai ban bar zancen binciken nan ba. Zan tambayi likita da bakina.

Yaya Babba: To Kawu, sai mu tafi asibitin koyarwa na Katsina tare ranar Litinin, ka yi tambayarka, ni in faɗi batun minsharin.