Yarona na uku a gasar ninƙaya yana riga tsalle, yaya zan yi?

Salamu alaikum 'yan'uwa. Ina koya wa yara huɗu ninƙaya a nan Samaru, Zariya, tun farkon dogon hutu. Muna shirin gasar karɓa-karɓa, mita 50 kowane yaro, ko Allah zai sa a ɗauke su zuwa gasar jiha a Kaduna.

Jerin ba shi da matsala, kowa da salon iyonsa: na farko rigingine, na biyu iyon kwaɗo, na uku malam-buɗe-littafi, na ƙarshe iyon ganin dama. Na ukun ne ya zame mini ƙarfen ƙafa. Doka ta ce kada ƙafarsa ta bar dakali sai ɗan'uwansa ya taɓa bango da hannu biyu, amma shi da ya hango kumfa ta matso, sai tsundum! Sau biyu ana soke mana sakamako a gwaji. Na yi faɗa, na yi lallashi, har ƙirga masa nake da baki. A kogin Kubanni ya koyi iyo, can kuwa ba mai jiran wani.

Kuma kwamin da muke atisaye mita 25 ne, na gasar 50. Juyawa a bango tana rage musu lokaci, shi ya sa ban yarda da agogona ba.

Masu horarwa, da wane atisaye kuke gyara wannan? Ko in mayar da shi farko kawai, tunda can busa ake jira? Saura mako uku.