Matuƙin jirgin soja zai koma jirgin fasinja: yaya zai shirya wa intabiyu?

Ɗan Ringim: Salamu alaikum. Ƙanena matuƙi ne a rundunar sojin sama, ya kusa ajiye kaki, yana son aikin kamfanin jiragen fasinja. Yanzu haka yana hutu a ƙauye. Masana, da me zai fara?

Baban Hanifa, Gumel: Wa alaikumus salam. Takarda tukuna. Shaidar tuƙin soja ba lasisi ba ce, sai hukumar NCAA mai kula da sufurin jiragen sama a Najeriya ta ba shi na farar hula, CPL (lasisin tuƙin kasuwanci) ko ATPL (babban lasisin da kyaftin ɗin jirgin fasinja ke riƙewa). Shi ATPL sai da awa 1,500. Ya nemi shaidar lafiya mataki na 1, da Turancin jirgi mataki na 4 na ICAO (hukumar sufurin jiragen sama ta duniya), wanda ake sabuntawa duk shekara 3. Sai littafin awanninsa, inda da yawa ke tuntuɓe. Soja galibi daga tashi zuwa sauka suke ƙirgawa, farar hula kuwa daga motsawar jirgi har ya tsaya cak. Kada ya cike giɓin da ka. Ya ware awannin dare, na jirgi mai inji 2, da waɗanda shi ne kwamanda.

Malam na Bichi: Yallaɓai, wane jirgi yake tuƙawa? In C-130 ne ko ATR 42, da sauƙi, ya saba aiki da mataimaki. In jirgin yaƙi ne irin Alpha Jet ko Super Tucano, akwai aiki, don bai saba raba aiki da mataimaki ba. A na'urar kwaikwayon jirgi za a kashe masa inji ɗaya daidai ya wuce gudun V1, wato gudun da in an wuce shi ba a fasa tashi. Hannunsa zai iya. Abin da ke kayar da irin waɗannan matuƙa shi ne yin komai shiru. Ana so a ji shi: ya riƙe jirgi, ya bar wa mataimaki rediyo, ya sa a karanto matakan gaggawa, kuma kada a taɓa makashin inji sai su biyun sun tabbatar da wanda ya mutu. In saukar ba ta zauna ba, ya fasa ya sake zagayowa. Wannan ba faɗuwa ba ce, nacewar ce faɗuwa.

Baban Hanifa, Gumel: Haka ne, Malam. Ya riƙe lissafi da ka ma: in zai sauka da gudun knot 140 a gangaren digiri 3, ninka 5, zai riƙa yin ƙasa da ƙafa 700 a minti. Tambayar hazon hunturu a filin Malam Aminu Kano ma tana iya zuwa: in hazo ya hana sauka, man jirgin ya kai shi wani filin ko-ta-kwana, da ragowar minti 30 da ba a taɓawa.

Ɗan Ringim: Alpha Jet ne. Allah ya saka da alheri.

Malam na Bichi: To ya yi kwas ɗin MCC na tuƙin mutum biyu kafin ya tura takarda.