Robot: mutum-mutumi, saƙago ko roboti?

Jama'a, ku zo mu daidaita kan wannan kalma, domin kullum na ji an fassara robot da mutum-mutumi sai abin ya tsaya min a rai.

Gaɓa biyu ce: ro da bot. Bature yana ɗora nauyin murya a kan ta farko, ya ja ta, sannan ya datse ta biyu da t. Bakin Bahaushe kuwa ba ya son barin kalma a datse, sai ya liƙa mata wasali. Haka muka samu bokiti, haka muka samu tikiti.

Kalmar ma aro Turawan Ingila suka yi. Daga harshen Cek ta fito, inda robota ke nufin aikin tilas da talaka yake yi wa mai ƙasa. Marubuci Karel Čapek ne ya sa ta a wasan kwaikwayonsa R.U.R. a 1920, kuma ɗan'uwansa Josef, mai zane, shi ya ba shi shawarar kalmar. Tun daga tushe ke nan, aiki ne ma'anarta.

To a nan mutum-mutumi ya gaza. Mutum-mutumi shi ne wanda ake kafawa a gona don korar tsuntsaye, ko wanda aka sassaƙa aka girke a shataletale. Siffa gare shi, ba ya taɓuka komai. Saƙago ma haka, shi ya sa ake cewa wane ya tsaya kamar saƙago. Ta yaya za mu ba abin da aka ƙera don ya yi aiki dare da rana sunan abin da ba ya motsi? Sannan yawancinsu ko kama da mutum ba sa yi: wani hannun ƙarfe ne kawai yana walda a kamfanin ƙera motoci, wani kamar faifai yake, yana yawo yana sharar ɗaki.



Ni dai roboti na zaɓa, a bi sahun bokiti. Masu cewa aro kasawa ce, su tuna asibiti da mota, wa yake jin su baƙi yau?

Jam'in ne ya rage. Robotai, kamar bokitai, ko robotoci, kamar motoci? Kunnena ya fi karɓar robotoci. Malaman Hausa, me kuka gani?