Mai karɓar tallafi da mai ƙin biyan haraji: wa aka fi matsa wa?

Uwar Biyu: Jama'a, abin nan ya tsaya min a rai. A ƙasar Holan, hukumar haraji ta zargi iyalai sama da 20,000 da damfarar kuɗin tallafin renon yara. Wata sa hannu kawai ta manta a takarda, aka ce ta dawo da duk abin da ta karɓa. Bashi ya yi wa mutane katutu, wasu aure ya mutu, kuma masu takardar zama 'yan ƙasa biyu aka fi sa wa ido. Daga baya aka gano zalunci ne, har gwamnatin firaminista Mark Rutte ta yi murabus a Janairun 2021. To ku dubi Messi. A 2016 kotu a Sifaniya ta same shi da ƙin biyan harajin Yuro miliyan 4.1, aka yanke masa wata 21, amma ko kwana ɗaya bai yi a gidan yari ba. Ɓarawon miliyoyi yana gida, uwa mai neman kuɗin reno ana bin ta kamar ta yi kisa.

Mai Lissafi: Hajiya, ki janye kalmar ɓarawo. Ɓarawo shi ne wanda ya ɗauki abin wani. Wannan guminsa ne, kason gwamnati ne bai miƙa ba. Mai ƙaryar tallafi kuwa hannu ya sa a baitulmali.

Uwar Biyu: Malam, da wanda ya ɗiba daga rumbu da wanda ya hana a zuba, ba rumbun ɗaya ne ya ragu ba?

Ɗan Barca: Anti, da girmanki, amma me ya kawo Messi cikin ɓarayi? Mahaifinsa ne ke kula da takardu, shi ƙwallo ya sani. Kuma sun biya kuɗin.

Na Madrid: Ɓarawo ne mana. Kotu ce ta faɗa.

Ɗan Barca: Kai ka yi shiru. Ronaldonku a 2019 ya amsa laifin ƙin biyan haraji a Madrid, ya amince zai biya kusan Yuro miliyan 19. Wa ya fi?

Na Madrid: Ronaldo sulhu ya yi don a wuce wurin. Sulhu daban, sata daban.

Mai Lissafi: Ka ga ni? Kai ma da aka taɓa naka ka ƙi kalmar. Kuma a Sifaniya, hukuncin da bai kai shekara 2 ba, in laifin farko ne, galibi ba a zaman gidan yari. Ba gata aka yi wa kowa ba.

Yaya Babba: Ƙannena, ya isa haka. Abin da na fahimta: an yarda ƙin biyan haraji kuskure ne amma bai kai sata ba, kuma Malam ya kawo hujja ta doka. Maganar Ronaldo kuwa, shi dai ya girmama kotu.

Ɗan Barca: Wa ya yarda? Yaya, ai kowa ya san ƙungiyarka.

Uwar Biyu: Ni ban janye ba. Iyalan Holan fa, an ba su damar sulhu kafin a dakatar musu da tallafi? Har yanzu ba wanda ya ce uffan a kansu.